Kukan da Ya Nemi Taga

Ranar da mahaifiyar Direba ta ce tana son ganina, ina durƙushe ne a gaban gawar mijina ina ta rusa kuka.

Kada hankalinku ya tashi. Mijin na aro ne, gawar ma numfashi take yi, har da ɗan minshari, don mutumin da aka lulluɓe da farin ƙyallen barci ya kwashe shi tun ana gyara fitilu.

Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya. Ni ce matar nan da kuke gani a fim tana birgima a ƙofar asibiti, a nuna ta minti biyu a wuce. Ba ku san sunana ba, ban kuma ga laifinku ba, tunda ko a jerin sunayen ƙarshen fim “mace mai kuka” ake rubutawa. A wurin aiki Damina suke kirana, wai idona bai san rani ba.

Darakta ya tafa hannu sau biyu, alamar an gama ɗauka. Na datse kukan, na ɗago na dube shi.

“Ya yi, ko a sake?”

“Ya yi. A tashi gawa ya je ya ci abinci.”

Ina cikin goge fuska wayata ta yi ƙara. Direba ne.

Direban motar asibiti ne, kuma a bakin aiki muka haɗu, ranar da aka yi hayar motarsa don a ɗauki wata fitowa. Na gama birgimata ya miƙo mini ruwa a gora ya ce, “Baiwar Allah, kullum masu kuka nake ɗauka, amma ban taɓa ganin wadda kuka ya yi wa kyau ba sai ke.” Daga wannan gorar ruwan ne na kamu, kamun da har yau ban warke ba.

“Umma ta ce in kawo ki da la’asar,” in ji shi.

Sau uku yana kai mata maganata, sau uku tana cewa ko a mafarki.

“Da kanta ta ce?”

“Da bakinta. Ki sa doguwar riga mara ado. Kuma don Allah, Damina, kome ta faɗa ki shanye.”

Ba sai ya roƙe ni ba. Ni na san wutar da ke bina a baya. Yayana, wanda nake zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinmu, ya gaji da gafara sa bai ga ƙaho ba. Ga Mai Katifa na bakin titi, mai neman aurena, ya kafa ya tsare, duk yamma yana falonmu yana baza ƙamshin turare, yana ba Yaya labarin shagonsa na uku. Yaya bai ce dole ba, amma ya ce mini shekara ashirin da tara ba wasa ba ce, in har ƙarshen makon nan dangin Direba ba su tako gidan ba, shi ya cire hannunsa daga maganar.

Saboda haka wannan kiran shi ne ƙofa ta ƙarshe, ni ma na sani, Direba ma ya sani.

Falon Umma ƙarami ne, tsaf da shi kamar ba a zama. Kujeru uku, talabijin da aka rufe da ƙyalle, hoton wani dattijo a bango, sai taga guda ɗaya da rana ke shigowa ta cikinta. Umma na zaune a kujerar tsakiya, siririyar mace mai sanyin ido. A gefenta akwai Gwaggo, ƙanwar marigayi mijinta, wadda tun kafin in cire takalmi ta gama auna ni daga sama har ƙasa.

Na zube a ƙasa na gaishe su.

“Umma, ina wuni?”

“Lafiya. Auta, ba mu wuri.”

Direba ya koma bakin ƙofa ya tsaya, bai fita ba, bai kuma shigo ba.

Gwaggo ta karkata kai ta ce, “Ashe a fili ba ki kai yadda kike a akwatin talabijin ba. To yau wa ya mutu?”

Na shanye. Ba a mugun sarki sai mugun bafade, na faɗa a raina.

Umma ta dube ni, ta fara magana.

“Yarinya, ban kira ki don in ci mutuncinki ba. Na sa an bincika mini, an ce ba ki da abin faɗa, ba kya yawo, ba kya shaye-shaye. Da don hali ne da tuni na ce a je.”

Wani sanyi ya ratsa ni. Ashe na yi saurin murna.

“Tun da yaron nan ya kawo mini zancenki nake aron wayar maƙwabciyata ina kallon finafinanki. Ni da ba kallo nake yi ba. Ɗaya bayan ɗaya na bi su. Kin san maza nawa kika binne?”

Na girgiza kai.

“Talatin da huɗu. Ban sa ’ya’ya da iyaye ba. Wani mota ta kaɗe shi, wani ruwa ya ci shi, wani ciwo. Kowanne kin faɗi a kansa kin ce ‘wayyo mijina.’ Bakinki ya saba da kalmar nan kamar yadda nawa ya saba da salati.”

“Umma, aiki ne. Wallahi aiki ne kawai.”

“Na sani. Shi ma nasa aikin ne, kullum yana kan titi yana tsere da mutuwa, jiniya na ihu a kansa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mini cikin biyar. Kin ga mutumin can?”

Ta nuna hoton bango ba tare da ta dube shi ba.

“Shi ma direba ne, na babbar mota. Da safe ya fita, da azahar aka kawo mini shi a naɗe. Ban yi kuka ba. Kwana uku mutane na cewa matar nan zuciyarta dutse ce. Sai rana ta huɗu na shiga banɗaki na ga sabulunsa, ya yi rabi, da gashinsa guda ɗaya a jiki. Nan na faɗi. An ce kukan da na yi ba na mutum ba ne, na dabba ne. Har fitsari na yi a zaune.”

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

“To ke ki gaya mini,” Umma ta ci gaba, “in na ba ki shi, Allah ya kiyaye, aka kawo miki shi a naɗe, me ya rage miki da za ki yi masa? Kin riga kin rabar da nasa ga maza talatin da huɗu.”

“Zan bar fim, Umma. Yau ɗin nan zan bari. Zan koyi ɗinki, zan yi wankau, kome kika ce.”

“In kin bar fim, idon ma a can za ki baro shi?”

“Umma...”

“Labarin zuciya a tambayi fuska, haka muka taso muka ji. Ke taki fuskar wa zai tambaya? Ranar da ya ɓata miki kika yi kuka, ta ina zai san ya ɓata miki? Ranar da na kwanta ciwo kika zauna a kaina kina hawaye, ta ina zan san ba lada kike nema a wurinsa ba? Ki yi haƙuri, ’yar nan. Ban tsane ki ba. Tsoronki nake ji.”

Da zagina ta yi da na iya ɗauka. Na sha zagi a duniya, an ce mini ’yar iska, an ce mini mai kukan haya, ban ko girgiza ba. Amma tsohuwa ta dube ka ta ce tsoronka take ji, wannan ban san inda ake ajiye shi ba.

Kuka ya taso mini. Na yi ƙoƙarin danne shi, don tun a hanya na rantse ba zan zubar da ko ɗigo a gidan nan ba. Ya ƙi dannuwa.

Na ja gwiwa na matsa na kama ƙafarta.

“Umma, ki ji tausayina. Ni ma marainiya ce. Ban zaɓi kuka ba, shi kaɗai aka ce na iya. Na je neman fitowa a jaruma aka ce ba ni da tsayi, na je neman ta barkwanci aka ce ba ni da baki. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa fitowa a amarya ba, ko sau ɗaya ba a taɓa nuna ni ina dariya ba. Ɗanki ne mutum na farko da ya tambaye ni ko na ci abinci. In kika raba ni da shi, wallahi ban san inda zan sa kaina ba.”

Kukan ya ɓalle. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, daga cikin cikina ya fito. Ƙirjina kamar ana tsaga shi da wuƙa.

Na ji ƙafar Umma ta daina janyewa. Na ji hannunta ya sauko a hankali ya taɓa kafaɗata. Ita ma numfashinta ya canza.

Abin da ban sani ba shi ne abin da jikina ke yi.

Daga baya ne na tuna komai dalla-dalla. Ina tsakiyar kukan na gyara zama, na juya kafaɗa yadda hasken tagar nan zai sauka a kuncina na hagu, wanda masu kyamara suka ce ya fi kyau. Na ɗaga haɓa kaɗan don kada inuwa ta rufe idona. Na sa yatsa na janye mayafi daga goshina. Hawayen ma ban share ba, don a wurinmu wanda ya share hawaye ya yi asarar ɗauka. Ban sa jikina ba, shi ya sa kansa. Sabo turken wawa.

Gwaggo tana kallon duk wannan. Mamaki ya kama ta, ta riƙe baki, sannan ta tafa hannu. Tas, tas.

Kukan ya ɗauke ɗif, kamar an rufe famfo.

Na ɗago kai da sauri, idona na neman inda darakta yake. Bakina ya riga ni.

“Ya yi, ko a...”

Na toshe bakin da hannu biyu, amma aikin gama ya gama.

Hannun Umma na nan a kafaɗata. A hankali ta ɗauke shi, ta dube shi, ta goge a jikin zaninta.

“La’ilaha illallahu,” in ji Gwaggo. “Yaya, kin gani da idonki? Har tambaya take ko a sake!”

Umma ba ta ɗaga murya ba. Hawaye ne guda biyu a fuskarta, waɗanda ni na jawo su, ta sa bakin mayafi ta share kamar mai jin kunyarsu.

“Saura ƙiris,” ta ce. “Wallahi saura ƙiris in ce na amince. Auta, mayar da ita inda ka ɗauko ta.”

“Umma, ki tsaya ki ji, na gaske ne! Na rantse na gaske ne!”

Ta tashi ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Ban san yadda na sa takalmi ba. Na dai tsinci kaina a kujerar gaban motar asibiti, warin maganin wanke rauni na dukan hancina, gadon majinyata na ƙara a baya duk lokacin da muka faɗa rami.

Direba na ta tuƙi. Hannunsa biyu na kan sitiyari, idonsa na kan titi. Mutumin da ko gyaran murya na yi sai ya juyo, yau har muka wuce gidan mai biyu bai dube ni ba.

A gindin wata katanga ya tsaya ya kashe mota. Rana ta yi sanyi, ’yan kasuwa sun fara kwashe kaya.

“Ka ce wani abu,” na ce. “Ko zagi ne.”

“Me zan ce?”

“Ka ce ka yarda da ni.”

Ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

“Damina, shekara tara ina tuƙa motar nan. A bayan nan na ji kukan uwa, na ji na miji, na ji na yaron da bai ma san me ya faru ba. Wasu cizon hannu suke yi, wasu su daki ƙarfen mota da kai. Ban taɓa ganin wanda ya nemi taga ba.”

“Ban san na nema ba!”

“Na sani. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.”

“Kai ma tsoron? To in ce me? In yanke kuncin hagun in jefar? Ni irin kukan da na iya ke nan, ba ni da wani a ajiye. Da shi na yi wa ubana, da shi nake cin abinci, da shi na roƙi mahaifiyarka. In ƙarya ne, to ni gaba ɗayana ƙarya ce, ka faɗa mini in sani!”

“Ban ce ƙarya ba ne.”

“To me ka ce?”

Ya juyo ya dube ni sosai. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

“Zan koma wurin Umma. Zan kwanta a ƙofar ɗakinta har sai ta buɗe. Zan ce mata sabo ne, kamar yadda ni ma in na ji ƙarar birki a barci ƙafata take neman taka nawa. Za ta huce, na san uwata. Kafin ƙarshen mako zan kawo baffana gidanku ko da a kafaɗa zan ɗauko shi. Mai Katifa ya je ya kwanta a kan katifunsa.”

Dariya ta kusa kufce mini a cikin hawaye. Na ji raina ya dawo jikina.

“Amma ki taimake ni da abu ɗaya,” ya ce. “Ina so in je mata da magana mai ƙarfi. Ina so in ce mata na can daban, na nan daban. Na fim da me kike yinsa? Man zafi kuke shafawa a ido, ko albasa? Ki faɗa mini in je in ce mata, Umma, na akwati albasa ce kawai.”

Da ma ya mare ni.

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya zan ce, albasa, shi ke nan in zama matarsa. Da yawa a cikinmu haka suke yi, ba wanda zai ƙaryata ni. Na buɗe baki in faɗa. Sai na ga yadda yake kallona, kallon mutumin da ya ɗora duk abin da ya mallaka a kan amsar da zan bayar, kuma ranar nan ce aka gama kirana maƙaryaciya a gabansa.

“Ba na sa komai,” na ce.

“To ta yaya yake zuwa?”

“Tunani ake yi. Kowa da abin da yake ajiyewa a ransa. In an ce a fara, sai ka buɗe shi ka kalla, in an tafa ka rufe.”

“Ke me kike kalla?”

“Da can Baba ne. Ranar da aka fito da shi daga ɗaki. Shekara goma ina ɗiba daga nan, har ya zamana in na tuna ba na jin komai. Na cinye mutuwar ubana, Direba, na sayar da ita ɗauka bayan ɗauka. Aiki ya fara ja baya, darakta ya fara neman wata.”

“Sai aka yi yaya?”

Na kalli hannuna.

“Sai na haɗu da kai.”

Bai gane ba da farko. Har ya fara ɗan murmushi, yana zaton daɗin baki zan yi masa.

“Ni kike tunawa?”

Na gyaɗa kai.

“A raye?”

Na kawar da kai.

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya zame a hankali. Ya juya ya kalli bayan motar, inda gadon yake da farin zanin da aka shimfiɗa masa.

“A nan?” ya ce.

“Wani lokacin a nan. Wani lokacin a bakin titi, motar ta kife, jiniyar ba ta daina ba. Ban taɓa so ba, wallahi. Ranar farko da kansa ya zo mini, na kusa suma, aka ce ban taɓa yin kuka mai kyau kamarsa ba. Sai na ce daga yau ba zan ƙara ba. Washegari aka ce a fara, na nemi Baba ban same shi ba, sai kai.”

“Sau nawa?”

“Direba, don Allah...”

“Sau nawa kika kashe ni?”

“Saboda ina sonka ne yake fita! Da ba na sonka ai da ko ɗigo ba zai zo ba. Ba ka gani ba? Wannan ita ce shaidar da Umma take nema!”

“Yau da safe fa? Lokacin da na kira ki?”

Na rufe ido. Ya gane.

Ya daɗe yana kallon gilashin gaba. Wani mai kura ya wuce, wata mata ta wuce da goyo, duniya na ta harkarta.

“Shi na Baba shekara goma ya yi kafin ya ƙare,” ya ce, kamar da kansa yake magana. “Ni nawa zan yi?”

Na miƙa hannu zan kama rigarsa, ya ɗan janye. Bai yi da ƙarfi ba, amma na ji shi har ƙashina.

Ya miƙa dogon hannunsa ta gabana, ya buɗe mini ƙofar ɓangarena. Layinmu ne a gaba, ina hango motar Mai Katifa a ƙofar gidan Yaya.

Na sauko. Na riƙe murfin ƙofar na ƙi saki.

“Za ka koma wurin Umma? Za ka zo da Baffa?”

Ya murza makulli, injin ya tashi.

“Gobe akwai aiki?” ya tambaye ni.

“Akwai. Da sassafe.”

“Wa zai mutu?”

“Miji,” na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa hannu ya ɓamɓare yatsuna daga jikin ƙofar, ɗaya bayan ɗaya, yadda na tabbata ya saba yi wa matan da suka ƙi sakin motarsa.

“To,” ya ce. “Allah ya jiƙaina.”

Ya ja ƙofar ya rufe.